Yadda Ake Tattalin Gida a Lokacin Tsada, Daga Sayen Hatsi Zuwa Facin Tufafi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin cefane ya daina kaiwa inda yake kaiwa a da. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya tashi, kayan masarufi suka bi bayansa, har ta kai a tsakiyar shekarar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna cewa hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Magidanci ba shi da iko a kan farashin kasuwa, amma shi da uwargida suna da iko a kan lokacin da za su sayi abu, da yadda za su ajiye shi, da ranar da za su gyara shi idan ya fara lalacewa. Mafi yawan asarar da ake yi a gidajenmu daga jinkiri take fitowa. Ana sayen gero a tsakiyar damina lokacin da ya fi tsada, ana neman ɗanyen tumatir sa'ad da ya yi ƙaranci a kasuwa, ana kai riga wurin tela bayan yagar da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba ta kai kamu guda. Tattalin da za a bayyana a nan ba rowa ba ne, kuma ba ƙuntata wa iyali ba ne, domin aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, sai su tsaya a tsakani.

Matakin farko: a san inda kuɗin yake tafiya

A samu ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ajiye shi a wuri guda da biro, sannan har tsawon wata ɗaya a riƙa rubuta duk abin da ya fita daga aljihu saboda gida, komai ƙanƙantarsa, tun daga kuɗin niƙa da gawayi har kuɗin tara na yara da katin waya. Idan wata ya cika, mai gida da uwargida su zauna su duba tare, su ware abin da ya zama dole, da abin da za a iya ragewa, da abin da za a iya bari gaba ɗaya. Abin da ya fi dacewa a sa wa ido shi ne ƙananan sayayya da ake maimaitawa kullum, irin su ƙullin sukari, da garin sabulu na leda, da ruwan leda, domin naira 300 a kowace rana ita ce naira 9,000 a wata, kuma ta haura 100,000 a shekara. Ina jan hankalin maza a nan cewa wannan littafi ba na tuhumar mace ba ne. Idan aka mayar da shi abin titsiye, uwargida za ta daina faɗin gaskiyar abin da aka kashe, lissafin kuma ya tashi a banza. Kuɗin shayin majalisa da na zirga-zirgar da ba ta da dalili su ma su shiga littafin kamar yadda kuɗin magi ya shiga.

Mataki na biyu: sayen hatsi da kaka da adana shi

Abinci ne ke cin kaso mafi girma a yawancin gidaje, don haka a nan ne ya kamata a fi tsayawa. Da farko a ƙiyasta abin da gidan yake ci. Uwargida ta lura da yawan kwanon masara, ko gero, ko dawa, ko wake da ake aunawa a mako, a ninka shi zuwa wata, sannan zuwa watannin da ake son a rufe. A kasuwannin Kano buhu yakan ɗauki kwano arba'in ko kusa da haka, saboda haka gidan da ke cin kwano ɗaya a rana buhu guda zai kai shi kwana arba'in. Wannan lissafi yana hana mutum sayen abin da ya fi ƙarfin bukatarsa, ya zauna yana lalacewa a ɗaki.

Sai batun lokaci. Gero yakan fara shigowa kasuwa wajen watan Satumba da Oktoba, masara ta biyo, dawa da wake kuma su wadata a Nuwamba da Disamba. A mafi yawan shekaru farashi yana sauka a wannan tsakani, sannan ya riƙa hawa daga bazara har zuwa lokacin da sabon amfani zai fito. Wanda yake cikin adashi ya roƙi a tsara masa kwasarsa ta faɗo a watan Nuwamba, wanda kuma ba shi da ƙarfin buhu shi kaɗai ya haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku su saya su raba, domin farashin buhu ya fi na awon kwano sauƙi. Amma kada a ci bashin da ke da wa'adi mai tsauri don a tara hatsi, saboda akwai shekarun da farashi ba ya tashi yadda aka zata. Haka kuma kafin a tafi Dawanau ko kasuwar ƙauye, a lissafa kuɗin mota da na dako a ɗora a kan kuɗin buhun, domin wani lokaci idan aka haɗa su sai a tarar mai hatsin unguwa bai fi su tsada ba.

A wurin saye kada a tsaya ga abin da ke bakin buhu. A zura hannu can ciki a ɗebo, ko a sa a juye a auna a gaban mai saye. A duba ko akwai huji a jikin ƙwayar, ko gari-gari a tafin hannu, waɗanda alamu ne na ƙwari. A shinshina, idan ana jin warin ruma ko na magani a bar shi. A ciji ƙwaya ɗaya: busasshiya takan fashe da ƙara, mai danshi kuwa takan lotse a haƙori.

Idan an kawo hatsin gida, kada a ɗaure shi a ranar. A sheƙe shi a fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa da fasassun ƙwayoyi, a shanya shi a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa tsirara ba, ana juyawa, kwana biyu ko uku. Akwai gwaji mai sauƙi na tabbatar da bushewa. A samu kwalba busasshiya mai murfi, a zuba hatsin zuwa kusan sulusinta, a ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe a girgiza sosai, a bar ta ɗan lokaci a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai a ƙara shanya. Idan ya zauna wara-wara, hatsin ya isa ajiya. Bayan an kwashe daga rana a bar shi a inuwa ya huce, domin hatsin da aka rufe da zafinsa yakan yi gumi a cikin leda.

Hanyar ajiya mafi aminci ita ce hana iska shiga, domin ƙwarin da ke ciki idan suka shanye 'yar iskar da ta rage sai su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tun asali saboda wake, a kan wannan dabara aka yi shi: ledoji biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Kafin a zuba komai a hura kowace leda a matse ta a ga ko tana fitar da iska, domin ledar da ta huje ba ta da amfani. A sa leda ta farko a cikin ta biyu, a sa su cikin buhun, a riƙa zuba hatsin kaɗan-kaɗan ana girgizawa don ya zauna, a bar kamar kamu ɗaya a sama. Sai a matse iskar da ke cikin ledar farko, a murɗe bakinta, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya ko tsinken roba. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan a ɗaure buhun waje shi ma daban. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa bakunan uku a ɗaure su wuri guda, ko a riƙa buɗe buhun kowane mako ana ɗiba. Abin da za a ci a cikin wata a ware shi a wani mazubi, babban buhun kuma a ƙyale shi a rufe.

Wanda bai samu irin wannan buhu ba, jarka ma tana yi, muddin ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. A wanke ta, a bar ta ta bushe ƙarau, a cika ta da wake har baki ana bubbugawa, a sa 'yar leda a bakin kafin a ɗaure murfin. Iyayenmu kuma sun daɗe suna cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi a cikin tulu, kuma wannan yana aiki ga ɗan abin da bai da yawa idan tokar ta cike duk tsakanin ƙwayoyin ta rufe samansu. Ko wace hanya aka bi, a ɗora kayan a kan katako ko bulo, a janye su daga jikin bango, a kuma toshe ramukan ɓera, domin huji ɗaya na ɓera ya isa ya ɓata aikin buhun gaba ɗaya.

Abin da ba za a taɓa yi ba shi ne zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a cikin abincin da iyali za su ci. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a shekarar 2015, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kanta. Haka ƙwayar maganin nan da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhuna a manyan rumbuna, hayaƙinta yana kisa, ba a ajiye buhun da ke ɗauke da ita a ɗakin da mutane suke kwana. Masara ko gyaɗar da ta yi ruma, ta canza launi, ita ma a zubar da ita, kada a ce za a wanke a niƙa, domin dafin da rumar ke bari yana cutar da hanta kuma dafuwa ba ta kashe shi. Zubar da kwano biyu ya fi jinyar mutum guda araha.

Mataki na uku: kayan miya

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da amfanin noman rani ke fitowa daga wurare irin su Kadawa, kwandon tumatir yakan faɗi ƙasa warwas, kuma a daidai wannan lokaci ne iska take bushe, wadda ita ce bukatar mai yin kauɗa. A zaɓi tumatir mai tsoka wanda ya nuna amma bai yi laushi ba, a wanke, a tsane, a yanka shi biyu ko huɗu, a jera shi fuskar yankan tana kallon sama a kan tabarma mai tsabta da aka ɗora a kan wani abu mai tudu, inda kaji da awaki ba za su kai ba. A barbaɗa gishiri kaɗan, a lulluɓe da tsohon gidan sauro da aka wanke saboda ƙuda da ƙura, a riƙa shigar da shi ɗaki da yamma. Cikin kwana huɗu zuwa mako guda, gwargwadon zafin rana, zai bushe har ya riƙa karyewa. Kauɗar da aka yi a gida ta fi wadda ake shanyawa a bakin titi tsabta nesa ba kusa ba, kuma ba ta da yashin da ke sa miya ƙasa-ƙasa. Idan za a yi amfani da ita a jiƙa ta a ruwan ɗumi kafin a kai niƙa tare da albasa.

Tattasai da attaruhu haka ake yi musu, sai dai a tsaga su don su yi saurin bushewa. Kuɓewa a yanka ta sirara. Ganye kuwa, irin su zogale da rama da yakuwa, a inuwa ake shanya su inda iska ke kaɗawa, domin rana tana ƙone launinsu ta rage amfaninsu. Lawashin albasa da ake zubarwa shi ne ake dakawa a busar ya zama gabu. Duk abin da ya bushe a zuba shi a kwalba ko roba mai murfi, a riƙa dubawa idan damina ta kama, in an ji ya fara laushi a sake fitar da shi rana.

Ga ɗanyen kayan miya na 'yan kwanaki, gidan da babu firji ko babu tsayayyar wuta yana iya amfani da dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa a jikin babbar tukunyar shi ne ke janye zafi daga ciki, shi ya sa ta fi aiki da rani fiye da damina.

Mataki na huɗu: wutar girki

Ko da itace ake girki, ko gawayi, ko gas, ƙa'idar ɗaya ce: kada a kunna wuta sai an gama haɗa komai. A yi jajjage, a wanke shinkafa, a yanka albasa, sannan a hura. A rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai, kuma da zarar ta tafasa a rage wuta, domin ruwan da ke tafasa a hankali da wanda ke tafasa da ƙarfi zafinsu ɗaya ne. Wake a jiƙa shi tun dare, zai nuna cikin ɗan lokaci ba tare da an cika masa kanwa ba. Murhu ya kasance a inda iska ba ta kwashe harshen wuta, itace kuma a faskara shi ya bushe tun kafin damina.

Akwai dabarar da ta cancanci a gwada ga abinci mai jan lokaci. Idan shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, ko jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai kamar minti ashirin, sai a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo, a sa cikin kwando ko kwali, a bar ta. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dafuwar, shinkafa cikin ƙasa da awa ɗaya, wake kuma awa biyu zuwa uku. Idan abincin ya daɗe har ya huce, a sake tafasa shi kafin a ci. Garwashin da ya rage bayan girki kuwa a kwashe shi a tsohuwar tukunya a kife da murfi ya mutu da kansa, gobe a ɗora a kai. Da hunturu kada a yarda a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mutum a cikin barci.

Mataki na biyar: gyara tun abu bai yi nisa ba

Kowane gida yana bukatar gwangwani guda da aka tanadi allurai manya da ƙanana a ciki, da zare fari da baƙi da wasu launuka biyu ko uku, da almakashi, da maɓallan da aka cire daga tsofaffin riguna, da ƙyallayen da suka rage daga ɗinki. Duk wanda ya kai yadi wurin tela ya nemi a dawo masa da ragowar, domin babu facin da ya kai na ainihin yadin kyau. Lokacin duba tufafi shi ne kafin wanki, saboda cuɗa da matsa su ne ke mayar da ƙaramar yaga babba. A duba hammata, da bakin aljihun kaftani, da tsakiyar wando, da gwiwar kayan makaranta, waɗanda su ne wuraren da suka fi saurin buɗewa.

Idan ɗinki ne ya warware, a juya rigar, a fara daga ɗan bayan inda ya tsaya, a riƙa soka allura ana komawa baya rabin taki kafin a ci gaba, yadda kowane ɗinki zai hau kan na bayansa. Wannan shi ne ɗinkin hannu mafi ƙarfi, kuma yana kama da na keke. Idan kuwa huji ne, a gyara bakinsa da almakashi, a yanko ƙyalle da ya fi hujin faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe, a wanke ƙyallen idan sabo ne don kada ya tsuke daga baya ya tattare rigar. A ɗora shi ta ciki, a daidaita tsayin zarensa da na rigar, a lanƙwasa bakinsa a ɗinke zagaye, sannan a juyo ta waje a tura bakin hujin ciki a kama shi da ƙananan ɗinki. Wandon yaro kuwa gara a yi masa facin gwiwa ta ciki tun yadin ya fara sirancewa, kafin ya huje.

Maɓalli idan za a dasa shi, a ninka zare biyu, a sa tsinken ashana a ƙarƙashinsa ana ɗinkawa, idan an gama a zare tsinken a naɗe zaren sau huɗu ko biyar a wuyan maɓallin, sannan a ƙulle ta ciki. Wanda aka dasa haka ba ya yaga yadi kuma ba ya saurin faɗuwa. Zif ɗin da ke cijewa a goga masa kyandir ko busasshen sabulu, wanda kuma yake buɗewa ta baya sau da yawa kansa ne ya saki, sai a ɗan matse shi da filaya a hankali, ba sai an canza zif ɗin duka ba. Kwalar rigar makaranta ko ta aiki idan ta cinye, tela zai iya farke ta ya juya bayanta ya zama gaba. Tun wurin ɗinka wa yara kaya a ce wa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da hannun riga, ta yadda idan yaro ya ƙara tsawo sai a sake ta kawai.

Tufafi da yawa wanki ne ke tsofar da su, ba sawa ba. Atamfa da shadda mai launi a juya su a shanya a inuwa, kada a bar su kwana a jiƙe cikin garin sabulu. Farar shaddar da ta dafe ko mai launin da ta koɗe ba ta mutu ba, a kai ta wurin marina a rina ta da launi mai duhu, a kai wa masu bugu, za ta sake yin Juma'o'i masu yawa. Babbar rigar da ta mutu a kafaɗa tana da yadin da zai fitar wa yaro kaftani da wando. Zanen da ya tsufa ya zama majanyi ko shimfiɗar jariri, daga nan ya koma tsumman goge-goge. Babu abin kunya a cikin wannan ko kaɗan, kuma ina ganin iyaye suna yi wa 'ya'yansu, maza da mata, babban gata idan suka koya musu riƙe allura tun suna firamare.

Takalmi kuwa gyaransa tun yana sabo ake farawa. Sandal ɗin makaranta da yawancin takalman kasuwa da gam aka liƙa su, don haka kafin a fara sawa a ba shushaina ya zagaye su da ɗinki. Dunduniya idan ta fara cinyewa ta gefe guda a sa mata roba tun ba ta kai ga jikin takalmin ba. Takalmin fata da ya jiƙe a cusa masa takarda a bar shi ya bushe a inuwa, domin rana da wuta suna fasa fata. A wurin saye ma a tuna cewa araha ba ta ado: takalmin da zai shekara biyu ana gyara shi ya fi wanda za a saya sau uku a shekara sauƙi, ko da kuɗinsa ya ninka.

Bokiti da baho na roba rana ce ke cinye su, saboda haka a riƙa kife su a inuwa. Idan tsaga ta fara, a ɗora ƙusa a wuta a huda ɗan ƙaramin rami a daidai ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, sannan a ba masu liƙin roba. Wanda aka liƙe a mayar da shi na wanki ko na shara. Ƙwaryar da ta fashe aikin gyartai ce, tukunyar da hannunta ya cire ko murhun da ƙasansa ya ɓule kuma maƙeri zai gyara su da kuɗi kaɗan. Turmi da taɓarya da muciya ba a barin su a rana ko cikin ruwa.

Gyaran da ya fi kowanne tsada idan aka yi jinkirinsa shi ne na rufi. A watan Afrilu, kafin ruwan farko, a shiga ɗaki da tsakar rana a ɗaga kai inda babu silin a nemi inda haske ke shigowa, inda akwai silin kuma a nemi tabon ruwan bara. A sa kafinta ya canza ƙusoshin da suka saki, ya toshe hujin da kwalta, a share indararo da magudanar tsakar gida. Gidan ƙasa a yi masa yaɓe tun da rani. Yoyon da aka ƙyale damina guda yana cin silin da katako da katifa, wani lokaci har ya kai ga bango.

Lantarki da ruwa

Gidan da ke da mita mai kati zai ga bambanci da wuri idan ya canza ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60 da ke kunne awa shida a rana yana shan kusan yunit 11 a wata, na LED mai wat 9 kuwa, wanda haskensu ya yi kusa, bai kai yunit 2 ba. Abubuwan da ke yin zafi, wato dutsen guga da hita da risho na lantarki, su ne manyan masu shan wuta, don haka a tara guga a yi shi sau ɗaya a mako. Ruwan wanka da hunturu, idan na rana ne, baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi ta wadatar. Gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya tanadi duro ya tari ruwan sama, a bar na farko ya wanke rufin ya zube, a riƙa rufe duron saboda sauro. Ruwan ɗaurayar wanki ya isa wanke tsakar gida da banɗaki. Famfon da ke ɗiga yawanci 'yar robar cikinsa ce ta cinye, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Inda ba a yin tattali

Akwai wuraren da rage kuɗi yake zama ganganci. Ba a raba maganin da likita ya rubuta don ya kai kwanaki da yawa, ba a dakatar da shi don an ji sauƙi, ba a kuma ajiye ragowarsa don wani ya sha. Tiyon gas da ya tsage ba a naɗe shi da leda ko salatif, canza shi ake yi, kuma ana gwada yoyon gas da ruwan kumfa ne, ba da ashana ba. Wayar lantarki da ta ƙone ko soket mai tartsatsi aikin mai gyaran wuta ne. Birkin babur da tayarsa su ma ba a jinkirta su.

Sannan gyara kansa yana da iyaka. Idan kuɗin gyaran abu ya kai rabin kuɗin sabo, ko kuma an gyara wuri ɗaya sau biyu ya sake lalacewa, to lokacin rabuwa da shi ya yi. Ko a nan ma ba a jefa shi bola haka kawai. A cire abin da zai yi amfani, kamar maɓalli da zif daga riga, ko waya da fulogi daga fanka, sauran ƙarfe da sanholo da fasassun robobi kuma a tara su a buhu guda a sayar wa 'yan jari-bola a kan kilo, kuɗin a rubuta shi a littafin nan a jefa a asusun sayen hatsin kaka mai zuwa.